Makarantar Gazi Husrev-beg: Sakandaren da ta haura shekaru 480 a tsakiyar birnin Sarayebo

A tsohuwar kasuwar birnin Sarayebo, fadar mulkin ƙasar Bosniya, akwai wata makaranta da aka kafa a shekara ta 1537, wadda har yau take karɓar ɗalibai tana kuma yaye su. Dauloli sun zo sun shuɗe, an ƙona birnin, an yi masa ƙawanya, amma makarantar na nan daram. Wani babban ɓangare na sirrin wannan tsawon rai yana ƙunshe ne a cikin takardar waƙafin da wanda ya kafa ta ya bari.

Duk baƙon da ya shiga unguwar Bashcharshiya, wato tsohuwar kasuwar Sarayebo da ke kusa da kogin Milyaka, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne ƙarar gudumar maƙeran tagulla da ƙanshin gahawa da cunkoson masu yawon buɗe ido a 'yan siraran tituna da aka shimfiɗe da duwatsu. Idan ya bi titin Sarachi ya nufi yamma, zai iske babban masallacin Gazi Husrev-beg a hannunsa na hagu, da hasumiyarsa mai tsawon kimanin mita 45. Galibin baƙi a nan suke tsayawa su ɗauki hotuna. Amma wanda ya juya ya dubi ɗaya ɓangaren titin zai ga wani gini na dutse, wanda bai kai masallacin tsawo ba, rufinsa cike da ƙananan ƙubbobi da dogayen bututan hayaƙi masu tsinin kai da suka jeru kamar masu. Wannan shi ne ainihin ginin makarantar, wanda mazauna birnin ke kira Kurshumliya.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Turkanci da ke nufin dalma, saboda da dalma aka lulluɓe ƙubbobin domin kare su daga ruwan sama da dusar ƙanƙara. Sunan da aka raɗa wa makarantar tun farko shi ne Seljukiya, don tunawa da mahaifiyar wanda ya gina ta, amma sai sunan da jama'a suka laƙaba mata ya fi bin ta.

Abin da ke bayan ƙofar

Ana shiga ginin ne ta wata doguwar ƙofa da aka sassaƙa wa ado a cikin dutse, wadda a samanta akwai rubutun Larabci da ke nuni da lokacin da aka gina makarantar. Da zarar mutum ya ƙetare ta sai hayaniyar kasuwa ta ragu. Zai samu kansa a wani ɗan ƙaramin tsakar gida mai kusurwa huɗu, da mazubin ruwa a tsakiya, da rumfuna masu ginshiƙai a kewaye. Ƙofofin ɗakuna 12 ne ke buɗewa zuwa cikin waɗannan rumfuna, ko wane ɗaki da tasa ƙubbar da nasa murhun, abin da ya bayyana dalilin yawan bututan hayaƙin da ake hangowa daga waje. A birnin da duwatsu suka yi wa zobe, inda sanyin hunturu ke sauka ƙasa da sifiri, murhu a ɗakin ɗalibi na daga cikin sharuɗɗan karatu.

Daura da ƙofar shiga kuma akwai babban zauren darasi, wanda ƙubbarsa ta fi sauran girma. A nan ne malami yake zama, ɗalibai su kewaye shi da littattafansu. Tsarin ginin ya bi salon makarantun Daular Usmaniyya na ƙarni na 16, kamar waɗanda ake gani a Istanbul da Edirne, inda wurin kwana da wurin karatu da wurin alwala duk suke cikin katanga guda, masallaci kuma na tsallaken titi.

A halin da ake ciki yanzu ba a darasi a cikin Kurshumliya. An mayar da ɗakunan gidan adana kayan tarihi, inda ake baje bayanai a game da rayuwar Gazi Husrev-beg da gine-ginen da ya bari da kuma tarihin makarantar. Azuzuwan ɗalibai na yau suna cikin wani gini da aka yi daga baya, a nan kusa da tsohon. Saboda haka ba abin mamaki ba ne baƙo ya fito daga ɗakin da ɗalibai suka kwana a ƙarni na 16, ya yi kiciɓis da matasa 'yan shekaru 15 zuwa 19 rataye da jakunkuna suna haramar tafiya sallar azahar a masallacin.

Wane ne Gazi Husrev-beg?

An haifi Husrev-beg ne wajejen shekara ta 1480 a garin Seres, wanda a yau yake cikin ƙasar Girka. Mahaifinsa Ferhad-beg babban jami'i ne a Daular Usmaniyya, mahaifiyarsa kuwa, Seljuka, ɗiya ce ga Sarkin Musulmi Bayazid na Biyu. Ke nan shi jika ne na gidan sarautar Istanbul. An naɗa shi gwamnan lardin Bosniya a shekara ta 1521, ya kuma riƙe muƙamin, in ban da wasu 'yan gajerun lokuta, har zuwa rasuwarsa a shekara ta 1541. Ya halarci yaƙe-yaƙen Sarki Sulaiman, ciki har da kame birnin Belgrad a 1521 da gwabzawar Mohach ta ƙasar Hangari a 1526, kuma daga fagen fama ne ya samu laƙabin Gazi.

Lokacin da ya iso Sarayebo, garin bai daɗe da kafuwa ba. Isa-beg Ishakovich ne ya aza harsashinsa a tsakiyar ƙarni na 15, gabanin Turkawa su kammala kame masarautar Bosniya a 1463. Husrev-beg ne ya mayar da shi cikakken birni. A cikin shekaru kimanin 20 ya gina masallacin da aka kammala a 1531, da zawiyar sufaye, da gidan ciyar da matalauta da matafiya kyauta, da gidan wanka na jama'a, da rufaffiyar kasuwa, da masaukin fatake, da shaguna masu tarin yawa. Kabarinsa na harabar masallacin, a cikin wata ƙubba, kuma a gefensa akwai ƙaramar ƙubbar Murat-beg Tardich, na hannun damarsa a fagen yaƙi, wanda shi ne mutum na farko da ya kula da dukiyar waƙafin.

Takardar da ta riƙe makarantar

An rubuta takardar waƙafin makarantar ne a ranar 26 ga watan Rajab na shekara ta 943 bayan Hijira, daidai da 8 ga watan Janairun 1537, ranar da makarantar ke ɗauka a matsayin ranar kafuwarta. Waƙafi dai, kamar yadda aka sani a shari'ar Musulunci, shi ne mutum ya tsayar da wata kadara ta yadda ba za a sayar da ita ko a gaje ta ba, amfanin da take samarwa kuma a riƙa kashe shi a kan wata hanya ta alheri da shi mai waƙafin ya ayyana. Husrev-beg ya fahimci cewa gina makaranta abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da ciyar da ita shekara da shekaru. Don haka sai ya jingina ta da kasuwa. Kuɗin hayar shaguna da masaukin fatake da gidan wanka da filaye su ne suke biyan albashin malami da limami da ladan, su ciyar da ɗalibai, su kuma gyara rufin idan ya fara yoyo. Ta haka makarantar ba ta dogara ga baitulmalin gwamnan da zai biyo bayansa ba, balle ga son ransa.

Abubuwa biyu ne a cikin takardar masana tarihi suka fi mayar da hankali a kansu. Na farko shi ne jerin fannonin da za a koyar. Ta ambaci tafsiri da hadisi da fiƙihu da usulu da balaga da ilimin tauhidi, sa'an nan ta ƙara da cewa a koyar da duk wani ilimin da al'ada da yanayin wurin suka buƙata. Wannan 'yar jimla ita ce hujjar da shugabannin makarantar suka riƙa kafawa da ita a ƙarnonin baya, a duk lokacin da suka so shigar da lissafi ko kimiyya ko harsunan Turai cikin manhaja, domin kuwa babu mai iya cewa sun saɓa wa sharaɗin mai waƙafi.

Abu na biyu shi ne umarnin da ya bayar cewa kuɗin da ya yi saura bayan kammala ginin a sayi littattafai masu inganci da shi, domin amfanin masu karatu da masu kwafa. Daga wannan umarni ne aka samu ɗakin karatu na Gazi Husrev-beg, wanda shi ma ake lissafa shekarunsa daga 1537, kuma yake cikin mafiya daɗewa a yankin Balkan baki ɗaya.

Wasu daga cikin sharuɗɗan waƙafin na aiki har yanzu. A kowace rana bayan sallar azahar, makaranta kan raba juzu'ai 30 na Alƙur'ani a tsakaninsu a cikin masallacin, su sauke shi, a yi wa mai waƙafin addu'a. A inda gidan ciyarwar yake kuma akwai gidan burodi da ke ci gaba da gashi.

Daga wannan daula zuwa waccan

Jarrabawa ta farko mai tsanani ta zo ne a shekara ta 1697, lokacin da Yarima Eugen na Savoy, kwamandan sojojin Ostiriya, ya kutsa Sarayebo ya banka mata wuta. Akasarin gidaje da shaguna na katako ne, suka ƙone ƙurmus. Gine-ginen dutse na waƙafin sun yi lahani, amma an gyara su, karatu ya ci gaba. A 1879 ma wata gagarumar gobara ta lashe wani babban yanki na kasuwar, ta kuma rusa masaukin fataken, wanda kangonsa kawai ake gani a yau.

Canjin da ya fi girgiza Musulmin Bosniya shi ne na shekara ta 1878, sa'ad da taron manyan ƙasashe a birnin Berlin ya miƙa ragamar mulkin yankin ga daular Ostiriya da Hangari. Al'ummar da ta shafe sama da shekaru 400 a ƙarƙashin Sarkin Musulmi ta wayi gari tana ƙarƙashin sarki Kirista da ke zaune a Vienna. Dubban iyalai suka yi ƙaura zuwa Turkiyya. Waɗanda suka zauna kuwa sai suka fuskanci tambayar da ta dami Musulmi a sassa da dama na duniya a wancan zamani: shin za a rungumi makarantun sabbin masu mulki ne, ko za a ƙaurace musu? Sabuwar gwamnatin ta ƙirƙiro muƙamin Ra'isul Ulama a 1882 domin raba malaman Bosniya da Istanbul, ta kuma buɗe makarantar horar da alƙalan shari'a a 1887, inda ake haɗa fiƙihu da dokokin Turai. A wannan zamani ne aka ja wa masallacin Gazi Husrev-beg wutar lantarki, a shekara ta 1898, abin da mutanen birnin ke alfahari da shi har gobe.

Wannan gogayya ta tilasta wa tsoffin makarantun addini yin gyara. Daga cikin waɗanda suka ja gaba akwai Jamaluddin Chaushevich, wanda ya riƙe muƙamin Ra'isul Ulama har zuwa 1930, mutumin da ya yi karatu a Istanbul ya kuma tasirantu da ra'ayoyin Sheikh Muhammad Abduh na Masar. Ya dage a kan a riƙa koyar da yara addini da harshensu na gida, ya kuma daidaita rubutun harshen Bosniya da haruffan Larabci. A tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, lokacin da Bosniya ke cikin masarautar Yugoslabiya, makarantar ta koma tsarin azuzuwa da jarrabawa da takardar shaida, aka kuma buɗe sashen 'yan mata a shekara ta 1933.

Zamanin kwaminisanci

Bayan yaƙin duniya na biyu, gwamnatin kwaminisanci ta Marshal Tito ta ɗauki tsauraran matakai a kan dukkan addinai. A ɓangaren Musulmi, an soke kotunan shari'a a 1946, an haramta rufe fuska ga mata a 1950, an rufe zawiyoyin ɗariƙu a 1952, an kuma garƙame makarantun addini ɗaya bayan ɗaya. Sashen 'yan mata na makarantar Gazi Husrev-beg shi ma an rufe shi a 1949. Daga cikin makarantun addini masu yawa da ke Bosniya gabanin yaƙin, wannan ce kaɗai aka bari tana aiki, kuma ta shafe shekaru da dama ita ce ke samar da limamai ga masallatan ƙasar.

Illar da ta fi daɗewa ita ce wadda aka yi wa waƙafin kansa. Dokokin rabon filaye da na mayar da kadarori hannun gwamnati sun raba shi da gonaki da gine-gine masu yawa, wato dai aka datse jijiyar da mai waƙafin ya tanada domin ciyar da makarantar. Daga nan sai nauyin ya koma kan hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar da gudummawar jama'a, musamman zakkar fid-da-kai da fatun layya da ake tarawa domin ɗaukar nauyin makarantu. Batun mayar da kadarorin da aka ƙwace ya ci gaba da zama abin taƙaddama shekaru da dama bayan rushewar Yugoslabiya.

An samu sassauci daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin da Tito, wanda ke cikin jagororin ƙungiyar ƙasashen 'yan ba-ruwanmu, yake neman kyakkyawar dangantaka da ƙasashen Larabawa da na Afirka. Ɗaliban makarantar suka fara buga mujallarsu mai suna Zemzem a 1968. An buɗe kwalejin nazarin addinin Musulunci a Sarayebo a 1977, aka sake buɗe sashen 'yan mata a 1978, ɗaliban da suka kammala kuma suka samu damar wucewa jami'o'in Alƙahira da sauran biranen Larabawa. Daga cikin waɗanda suka bi wannan hanya akwai Mustafa Cerich, wanda ya shugabanci Musulmin Bosniya daga 1993 zuwa 2012, da Husein Kavazovich da aka zaɓa ya gaje shi a 2012. Dukkansu biyu a wannan makaranta suka yi sakandare kafin su tafi jami'ar Al-Azhar.

Littattafai a cikin kwalayen ayaba

A watan Afrilun 1992, jim kaɗan bayan da Bosniya ta ayyana 'yancin kanta, dakarun Sabiyawan Bosniya suka girke manyan bindigogi a kan duwatsun da ke kewaye da Sarayebo. Ƙawanyar ta ɗauki kwanaki 1,425, har zuwa watan Fabrairun 1996, kuma alƙaluman da aka fi ambatawa na nuni da cewa mutane sama da dubu 11 ne suka rasa rayukansu a birnin. Ba mutane kaɗai aka yi wa luguden wuta ba. A ranar 17 ga watan Mayun 1992 aka ƙona Cibiyar Nazarin Al'adun Gabas, inda littattafan rubutun hannu fiye da 5,000 suka zama toka. A daren 25 ga watan Agusta na wannan shekara kuma aka harba wa babban ɗakin karatu na ƙasa bama-bamai masu tayar da gobara, ya yi ta ci, akasarin abin da ke cikinsa ya salwanta.

Ma'aikatan ɗakin karatu na Gazi Husrev-beg, wanda tun 1935 aka mayar da shi wani gini kusa da masallacin Sarki a ɗaya gefen kogin, sun fahimci cewa su ne na gaba. Shugaban ɗakin karatun na lokacin, Mustafa Yahich, da wasu 'yan tsirarun abokan aikinsa, cikinsu har da wani mai gadi ɗan asalin ƙasar Kongo, suka zuba littattafan a cikin kwalayen ayaba, suka riƙa ɗauka da hannu suna ratsa titunan da maharba ke dako. Sau takwas ana sauya wa littattafan maɓoya kafin yaƙin ya ƙare. An nuna wannan labari a wani fim na tarihi da ya fito a shekara ta 2011.

Abin da suka ceto ya haɗa da littattafan rubutun hannu sama da dubu 10 cikin harsunan Larabci da Turkanci da Farisanci da kuma harshen Bosniya. Mafi tsufa a cikinsu wani kwafi ne na wani ɓangaren Ihya'u Ulumiddin na Imam al-Gazali, wanda aka rubuta wajejen shekara ta 500 bayan Hijira, wato tun marubucin yana raye, domin shi ya rasu ne a 1111 Miladiyya. Akwai kuma rubuce-rubucen da Bosniyawa suka yi da harshensu amma da haruffan Larabci, irin abin da Hausawa suka sani da ajami. Hasali ma sunan da masana ke kiran wannan adabi da shi, alhamiyado, daga kalmar Larabci ta al-ajamiyya ya fito, tushe ɗaya ke nan da ajamin ƙasar Hausa.

Ita ma makarantar ba ta rufe ƙofarta ba a tsawon ƙawanyar, ko da yake an yi karatun ne cikin ƙarancin abinci da wuta da ruwa. Masallacin ya sha rokoki. An gyara shi bayan yaƙin da tallafin Saudiyya, gyaran da ya jawo ce-ce-ku-ce saboda an kankare adon bangon ciki an shafe shi da farin fenti, har sai da wani gwanin rubutu ɗan ƙasar, Hazim Numanagich, ya sake ƙawata shi a shekarun 2001 da 2002. A watan Janairun 2014 kuma aka buɗe sabon ginin ɗakin karatun, wanda ƙasar Katar ta ɗauki nauyinsa, a jikin tsohuwar Kurshumliya. Da haka littattafan suka dawo wurin da aka fara tara su.

Makarantar a yau

A tsarin ilimin Bosniya na yanzu, makarantar Gazi Husrev-beg sakandare ce ta shekaru huɗu, ta kwana, mai sashen maza da na mata, wadda ke ƙarƙashin hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar. Ana shiga ne bayan kammala firamare da cin jarrabawar share fage. Ɗalibai na karanta Alƙur'ani da tajwidi da tauhidi da fiƙihu bisa mazhabar Hanafiyya, wadda ita ce Musulmin Bosniya ke bi, da hadisi da tafsiri da tarihin Musulunci. A lokaci guda suna ɗaukar darussan lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai da ta halittu da tarihi da labarin ƙasa da falsafa, ga harsunan Bosniya da Larabci da Ingilishi da Turkanci.

Muhimmin abin da ya sauya bayan rushewar kwaminisanci shi ne matsayin takardar shaidar. A da wanda ya fito daga makarantar kusan hanya ɗaya ce a gabansa, wato limanci ko koyar da addini. A yanzu hukuma ta amince da takardar daidai da ta sauran makarantun sakandare, ta yadda ɗalibi zai iya neman gurbi a sashen likitanci ko shari'a ko injiniyanci na kowace jami'a. Kazalika ba ita kaɗai ba ce a fagen, kasancewar a cikin shekarun 1990 an buɗe ko an farfaɗo da makarantu irinta a garuruwan Tuzla da Travnik da Mostar da Visoko da Cazin.

Wannan ci gaba ya zo da tasa muhawarar. Akwai masu ganin cewa yawan darussan zamani na rage zurfin karatun Larabci da fiƙihu da aka san makarantar da shi, akwai kuma masu cewa limamin da bai san kimiyya da harsunan Turai ba, ba zai iya yi wa matasan Bosniya jagora ba, musamman ma dubban da ke zaune a Jamus da Ostiriya da Amurka. A ƙasar da ƙidayar 2013 ta nuna cewa Musulmi su ne kimanin kashi 51 cikin ɗari na al'ummarta miliyan uku da rabi, suna zaune tare da Kiristoci mabiya Orthodox da Katolika, irin tarbiyyar da malaman addini ke samu lamari ne da ya shafi zaman lafiyar kowa. Dukkan ɓangarorin biyu na muhawarar dai daga takarda guda suke kafa hujja, wato ta 1537.

Kafin baƙo ya bar unguwar

Ziyarar Kurshumliya ba ta wuce sa'a guda, kuma ana buɗe gidan tarihin da masallacin ga Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, muddin an yi shiga ta mutunci kuma ba lokacin salla ba ne. Daga ƙofar makarantar, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa zuwa tsohuwar majami'ar Orthodox, da wurin ibadar Yahudawa da aka gina a 1581 domin zuriyar waɗanda aka kora daga Spain a 1492, da babbar majami'ar Katolika. Gadar da aka harbe Yarima Franz Ferdinand a kusa da ita a ranar 28 ga watan Yunin 1914, kisan da ya haddasa yaƙin duniya na farko, ita ma ba ta da nisa.

Akwai kuma hasumiyar agogo mai tsawon kimanin mita 30 da ke bayan masallacin, wadda ita ma ta waƙafin ce. Baƙi da dama kan ɗauka agogon ya lalace ne, domin lokacin da yake nunawa bai yi daidai da na wayoyinsu ba. Gaskiyar maganar ita ce yana bin tsohon lissafin Daular Usmaniyya ne, inda ƙarfe 12 ke bugawa daidai faɗuwar rana, sabuwar rana kuma ta fara daga magariba. Da yake lokacin faɗuwar rana na sauyawa a tsawon shekara, dole ne wani ma'aikaci na musamman ya riƙa hawa hasumiyar a kai a kai yana daidaita shi da hannu. Injin agogon daga birnin Landan aka kawo shi a cikin shekarun 1870. A watan azumi, idan hannayensa suka haɗu a kan 12, akan harba igwa daga wata tsohuwar ganuwa da ke saman birnin, a kunna fitilun hasumiyoyin masallatai, ɗaliban makarantar kuma su sha ruwa tare da sauran jama'ar Sarayebo.